Daɓen Mu'allim Mudassir

A unguwar Hindawiyya ta Makka babu wanda bai san Mudassir ba, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganin aikin da ya fara ya gama. Daga Kano ya zo aikin Hajji shekarun baya, jirgin alhazai ya koma ba da shi ba, ya zauna babu igama, wato takardar izinin zama, babu tsayayyar sana'a, sai baki. Bakin kuwa Allah ya hore masa. In ana zancen gini, shi ya koya wa Turkawa ɗaurin rodi. In zancen wuta ne, rabin tantunan Arfa shi ya ja musu waya. Ranar da aka roƙe shi ya canja ƙwan fitila a matakalar gidansu, layin gaba ɗaya ne ya ci abincin dare a duhu, ya ce tsanin ne ba shi da inganci. Sunan Mu'allim, wato gwanin sana'a, shi ya raɗa wa kansa, jama'a suka bi shi da shi saboda kiran ba ya rage su da komai.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai, shi ne wurin kwana. A saman rufin wani tsohon gida yake shimfiɗa katifarsa, shi da wasu takari irinsa, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Simintin ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da ita, da asuba kuma tattabaru su yi wa mutum ado. Duk cika bakin Mudassir, in ya kama hanyar matakalar nan sai ya ji ransa ya ɓaci, don ya gaji, shekaru kuma sun fara ja.

Ana nan sai ga Turki, ɗan wata 'yar uwarsa ta nesa. Shi Turki haifaffen Makka ne, kakanninsa ne suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa, yana da takardunsa cif, Hausarsa kuma rabi ce, sauran rabin Larabci ya cinye. Ya kama wani shago a unguwar Shisha da a da ake canja wa motoci mai, yana so ya mayar da shi warsha, wato wurin gyaran mukayyif, na'urar nan ta sanyaya ɗaki. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofarsa ta lungu, da taga, da mukayyif nasa na kansa. Mudassir ya leƙa ɗakin sau ɗaya, ya ji zuciyarsa ta riga ta tare.

Turki ya nuna masa ƙasan shagon, baƙi ƙirin da tsohon man mota, ya ce, "Ya Khali," haka yake kiransa, wato kawu, "wannan ƙasa lazim a wanke, a toshe tsaga, ta bushe marra, a shafa ibuksi, ba'den fenti. Zan kawo ma'aikata."

"Ma'aikata? Ina raye?" in ji Mudassir. "Kai yaro, kakata ce sarauniyar daɓe a ƙauyenmu. In ta daɓe ɗaki ta shafe shi da makuba, amarya ba ta neman madubi. A hannunta na tashi. Mene ne ibuksi in ba makubar Turawa ba?"

Turki bai san makuba ba, bai san daɓe ba, sai ya ɗauka wasu manyan takardun shaida ne. Ga kuma kunyar kawu. Ya ce, "Ɗayyib. In aiki ya yi tamam, ɗakin baya naka ne, kai ne mai gadi, mukulli a hannunka. In ya ɓaci, ya Khali, ba ni da magana gaban Abuya."

"Ka je ka gaya wa mahaifinka ya fara wanke jallabiyar walima," in ji Mudassir.

Mai kai shi Shisha kullum shi ne Hafizu, wani direba maƙwabcinsu, mutumin da bai taɓa ganin abin dariya ya kauce masa ba. Ranar farko ma ƙin tafiya neman fasinja ya yi, ya jingina da motarsa ya ce zai koyi sana'a.

Mudassir ya ari mesar ruwa wurin wani Ba'afgane mai gasa gurasar tamis a shagon kusa. Ya farke buhun omo guda ya zazzage a tsakar shagon, ya buɗe famfo, ya naɗe ƙafar wando ya shiga dirza da tsintsiya. Abin da bai duba ba shi ne, ƙasan shagon ta gangara wajen ƙofa, titin kuma ya gangara wajen mai tamis. Kafin a jima kumfa ta fito ta yi kwana, ta tarar da masu layin gurasa ta kai musu idon sawu. Mai tamis ya fito da doguwar ƙugiyarsa ta zaro gurasa, yana zuba magana da yarensu, gemunsa na rawa.

"Godiya yake yi," in ji Mudassir. "An wanke masa ƙofar shago kyauta."

Hafizu ya ce, "A garinsu da ƙugiya ake godiya?"

"Kowace ƙasa da al'adarta. Kai da ba ka yi yawo ba ina za ka sani."

Da kumfa ta lafa, man motar yana nan inda yake, kamar ba da shi aka yi ba. Mudassir ya dube shi ya ce ai wannan ba datti ba ne kuma, ya zama launin simintin. Tsagogin kuwa ya cusa musu tsumma ya danne da ɗan kwaɓin siminti, ya ce haka ake yi a manyan otal.

Saura bushewa. Siminti in ya sha ruwa irin wannan sai an ba shi lokaci, amma Mudassir ɗaki yake hange, ba shi da lokacin bayarwa. Washegari ya bi masu tsiren Hindawiyya ya aro kaskon gawayi har huɗu, ya jera su a kusurwoyin shagon, ya hura wuta, ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe don kada zafin ya tsere. Gawayin duk kitsen tsire ne a jikinsa. Hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, mai ƙanshin yaji. Matan benen sama suka leƙo, wani ya ce gobara, nan da nan unguwa ta fito da bokitai. Mai tamis ne a gaba, da mesar nan tasa, kuma a fuskarsa an ga yana jin daɗin aikin. Aka ɗaga ƙofa aka yi ta sheƙa ruwa har gawayi ya yi iyo.

Wani dattijo ya zaro waya zai kira 'yan kwana-kwana. Nan Mudassir ya manta da mu'allimancinsa, don mai zama babu igama ba ya son ganin kaki ko na mai kashe gobara ne. Ya riƙe hannun dattijon yana, "Mafi mushkila, ya Hajj, mafi mushkila, turare ne." Da ƙyar aka mayar da wayar aljihu.

Hafizu ya leƙa shagon, ruwa kwance, ya ce, "Mu'allim, ta bushe?"

"Wankin ɗauraya ke nan. Da ma yana cikin tsari."

Wannan karon dole ya haƙura ya bar rana ta yi aikinta. Da ƙasa ta yi fari-fari, Turki ya aike shi wani shagon kayan gini ya karɓo ibuksin da ya riga ya saya. Ibuksi wani ruwan danƙo ne da ake shafa wa siminti ya toshe ƙofofinsa kafin fenti, kuma kashi biyu yake zuwa, babban bokiti da ƙaramin gwangwani. Sai an juye ƙaramin cikin babban an gauraya sannan yake daskarewa. In ba a haɗa su ba, haka zai zauna da danƙonsa har a tashi duniya. Mai shagon, wani Ba'indiye, ya ɗora ƙaramin a kan babban, ya haɗa yatsunsa biyu yana juya hannu, yana bayani da irin Larabcinsa. Mudassir ya yi ta kaɗa kai yana, "Mafhum, mafhum," alhali ko kalma bai tsinta ba.

Shi dai abin da ya sani tun yana yaro a kasuwar Rimi, in ka sayi babban abu aka ɗora maka ƙarami a kai, gyara ce.

Ya shigo mota yana murmushi ya ce, "Ka gani? Mutumin nan kallo ɗaya ya yi min ya gane ma'aikaci. Har da gyara."

Hafizu ya ce, "A ƙasar nan? Tun zuwana nake sayen tumatir, ba a taɓa ƙara min ko ruɓaɓɓe ba."

"Ai fuska ake dubawa. Kai fuskar direba gare ka."

Mudassir ba marowaci ba ne, wannan kam a ba shi. Suna isa Hindawiyya ya wuce wurin Hajiya Ɗaso, wata Basakkwata mai sayar da tuwo da koko a bakin lungunsu, wadda ta sha ciyar da shi ranar da aljihu ya yi shiru. Ya dire mata gwangwanin a gaban masu cin abinci, yadda kowa zai gani, ya ce tsaraba ce daga wurin aiki.

Ɗaso ta buɗe ta sansana, ta kawar da kai. "Malam Mudassiru, wanga abu mi aka yi da shi? Warinai kamar mushen ɓera."

"Kayan waje ne, Hajiya. Ki adana, wata rana za ki gode min."

"To, Allah shi saka. Da ma ƙahwar teburina guda ta gaza." Ta tura shi ƙarƙashin teburin, tebur ya daina rawa.

Ranar shafa ibuksi Mudassir ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Ya bi kusurwa-kusurwa da abin shafa mai dogon hannu, yana ja da baya har ya fita ƙofa, don ya ce shi ba irin sakarkarun da ke rufe kansu a lungu ba ne. Ƙasa ta ɗauki sheƙi, har mai tamis ya leƙo ya ga gemunsa a ciki. Mudassir ya tsaya bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, farin ciki ya cika shi, don a ransa ya riga ya kwanta a ɗakin baya mukayyif na busa shi.

Washegari ya taɓa da yatsa, yatsa ya dawo da zare. Wanshekare ma haka. Ya ce iska ce ta yi kaɗan. Ya aro babbar fanka irin ta gidan biki, ya kafa ta a bakin ƙofa tana hurawa ciki. Fanka ta kwashi abin da ke titin Shisha ta aika: ƙura, gashin tattabaru, ledar gurasa, bawon gyaɗa. Duk abin da ya shiga bai fito ba. Can wata kyanwa ta zo wucewa, ta ga wuri mai sheƙi ta taka, ta yi taku kaɗan ta tsaya tana kuka, ƙafa huɗu a dashe. Mudassir ya shimfiɗa katako ya rarrafa ya cirota, ta saka masa da yakushi a hanci. Garin juyowa ƙafarsa ɗaya ta zame daga katakon, ya zaro ƙafar, silifa ya zauna.

Ya ja, ya murɗa, ya sa ƙarfe, silifa ya ce ya ga wurin zama. Daga ƙarshe ya sa wuƙa ya yanke maɗaurin ya bar tafin a manne.

Turki ya bugo waya. "Ya Khali, kef aiki? Abuya ya sa ranar walima, Alhamis bayan la'asar."

"Aiki ya ƙare, ado ake yi," in ji Mudassir.

Dabarar da ta zo masa ita ce, abin da ya ƙi bushewa a rufe shi da abin da ke bushewa. Ya ɗaura abin shafa a doguwar gora, ya kwarara fenti ruwan toka mai kauri tun daga bango har ƙofa, ya binne gashin tattabaru da bawon gyaɗa da sawun kyanwa. Zafin Makka ya taimaka, fentin ya yi fata a sama, sumul. Ya taɓa bakin ƙofa, inda shafin bai yi kauri ba, ya ji ƙam. Tafin silifan ne kaɗai ya ƙi ɓoyuwa, ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar fili.

Hafizu ya ce, "Wancan sawun wa ne?"

"Hatimin ma'aikaci. Kowane babban mu'allim yana barin nasa."

"Na ƙafar hagu kaɗai?"

"Na dama sai an gama biyan aiki."

Ranar Alhamis da hantsi Mudassir ya naɗe katifarsa, ya ɗauki jakarsa da butarsa, ya tara mutanen saman rufi ya yi musu sallama. Ya ce duk wanda zafi ya dama ya zo Shisha ya sha sanyi, amma ya riƙa bugo waya tukuna. Gurbinsa na gefen tanki, wanda ya fi ko'ina inuwa, ya ba wani sabon zuwa, ya ce ya riƙe har abada. Hafizu ya kai shi ta ƙofar lungu ya jera kayansa a ɗakin baya, bai jira an miƙa masa mukulli ba.

Turki ya zo da dardumai a mota za a shimfiɗa wa baƙi. Mudassir ya tare ƙofa. "Darduma a kan wannan aiki? To me mutane za su gani? Amarya ake lulluɓewa, ba daɓe ba. A shimfiɗa sufra a tsakiya don abinci, jama'a su zauna a ƙasa su shaida." Turki ya leƙa, ya ga wuri na ɗaukar ido, ya mayar da dardumansa.

Bayan la'asar baƙi suka iso cikin fararen jallabiyoyi masu guga. Ga Ammi Dawuda, mahaifin Turki, dattijo mai nauyin jiki da nauyin magana, wanda Hausarsa ta Kano ba ta goge ba. Ga amininsa Alhaji Garba, ga 'yan uwa da maƙwabta, har mai tamis an gayyato don a shirya. Ɗaso ce ta yi girki, tana waje da tukwanenta. Aka tuɓe takalma a ƙofa aka shiga. Fatar fentin ta ɗauki taku, sai ɗan lotsawa da take yi.

Ammi Dawuda ya ce, "Ikon Allah. Siminti ne wannan? Laushi kamar kilishi."

"Na zamani ne, Alhaji," in ji Mudassir. "Mai tausayin gwiwar dattawa. Ba kowa ya iya shi ba."

Aka zauna aka kewaye sufra, ledar nan da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai. Alhaji Garba ya yi doguwar addu'a, aka shafa. Aka dire manyan farantan shinkafa da naman rago, suna tururi. Aka ci, aka kawo shayi, aka sake kawowa. Shi kuwa Mudassir ya sa sabuwar safa don girman ranar, ya tsaya a gefe guda ya buɗe jawabi. Ya faro daga kakarsa, ya biyo ta Turkawa, ya sauka a Arfa. Duk wannan lokaci zafin jikin mutane da zafin faranti suna narka fatar fenti a hankali, abin da ke ƙasa yana tasowa yana gaisawa da jallabiyoyi.

Aka kira magariba.

Ammi Dawuda ya dafa gwiwa zai miƙe, ya ji an riƙe shi ta baya. Ya ɗan sake gwadawa, riƙon ya fi na farko. Dattijo ne mai kunya, ba zai ce a gaban surukai da 'ya'yan cikinsa mazaunansa sun manne ba. Sai ya zaro carbi ya gyara murya ya ce, "Bismillah, Alhaji Garba."

Alhaji Garba ya riga ya yi nasa gwajin a ɓoye. Ya ce, "Haba Alhaji, ina ni ina tashi gabanka? Kai ne mai gida."

"Ai baƙo ake fara ba hanya."

"Ni ne baƙo a shagon ɗana? Turki, tashi ka kama mahaifinka."

Turki ya yunƙura, fuskarsa ta canja, ya koma. "Daƙiƙa, ya Hajj. Ƙafata ta yi barci."

Sauran jama'a kowa ya sunkuyar da kai, kowa yana zaton shi kaɗai abin ya samu. Aka shiga girmama juna. Wannan ya ce wane ya girme shi, wancan ya ce ai wane ya riga shi zuwa Makka. Ba a taɓa ganin ladabi irin na yammacin nan a Shisha ba. Mai tamis, da ba ya cikin lissafin girma, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa da yarensu yana kallon Mudassir.

Da aka ji liman ya kabbara a masallacin unguwa, Hafizu ya ce shi kam ba zai rasa jam'i don kunya ba. Ya dafa ƙasa da hannu biyu ya fizge da ƙarfi. Aka ji ƙyaaat. Hafizu ya miƙe tsaye, bayan jallabiyarsa ya ci gaba da zama a wurin walima. Ya juya ya duba, ya ɗaga tafukan hannunsa masu zaren fenti, ya ce, "Mu'allim, wannan ma yana cikin tsari?"

Sai a lokacin kowa ya gane ba shi kaɗai ba ne. Wuri ya ɗauki salati da ƙarar yagewar yadi. Wani ya kama faranti don ya dogara, faranti ya fi shi kafuwa. Mudassir ya ce bari ya je ya nemo taimako, ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi, don tun farkon jawabi bai motsa daga inda yake ba. Ganin babu hanyar gudu sai ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Wannan shi ake kira riƙo. Daɓen da ya riƙe Alhaji Garba, ina ga mukayyif? Ɓarawo ya shigo nan sai dai a zo da safe a same shi."

"Mudassir," in ji Ammi Dawuda, murya a kwance, "rufe mana baki ka nemo almakashi."

Ɗaso ce ta aro almakashi wurin wani tela, aka jera katakai, Mudassir ya zare ƙafafunsa ya bar safa a tsaye. Aka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ana yanke su daga jallabiyoyinsu. Kowa ya kwance ƙyallen kansa ya ɗaura a ƙugu, wanda bai zo da shi ba ya yagi sufra. Suka fito titi a jere, kowa bayansa na bin bango, daidai lokacin da masallata ke fitowa. Mutanen unguwa suka tsaya suna kallo, ba wanda ya yi dariya a fili saboda furfurar Ammi Dawuda, amma kafaɗu sun yi ta rawa. A cikin shagon kuwa fararen ƙyallaye ne a kewaye da sufra, kowanne a gurbin mai shi.

Turki ya ɗauko bokitin ibuksi ya juya shi, ya duba hoton da ke jiki, ya ce, "Ya Khali, fen ƙaramin gwangwani? Ka zuba duka?"

"Wane? Gyarar?"

"Esh gyara?"

Ammi Dawuda ya rufe ido, don shi ya san gyara. Ɗaso ta ce daga bakin tukunya, "In wancan mai wari kuka biɗa, shina ƙarƙashin teburina, kuma aiki shikai. Ba ni bada shi."

Turki bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi wa Mudassir ciwo. Ya ce, "Khalas, ya Khali. Ɗauki kayanka."

Suka zagaya ta lungu, Hafizu na biye da ledar sufra a ƙugu. A nan ne aka gano Mudassir ya shafe ɗakin baya shi ma, ba tare da an sa shi ba, kuma da yake nasa ne sai ya ninka masa shafin don ya fi na kowa kyau. Ya kama jaka ya ja, hannun jakar ya biyo shi, jakar ta zauna. Buta ta ƙi motsi. Suka kama katifa shi da Hafizu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, suka yi ta nishi, rigar katifar ta yage, soson bai ko gusa ba.

Ammi Dawuda ya leƙo ta taga, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ku bar ta haka. Ita dai Allah ya yi ta samu wurin zama." Turki ya ja ƙofar ya kulle, ya sa mukullin a aljihunsa.

A saman rufi sabon zuwa ya riga ya baje a gefen tanki, kuma Mudassir da bakinsa ya ce har abada. Kwali aka samo masa, ya shimfiɗa a bakin matakala inda kowa ke tsallake shi. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, fiye da yadda zai iya faɗa, don ya ga ɗakin da idonsa, ya ji sanyinsa a fatarsa, ko gyangyaɗi bai samu ya yi a ciki ba.

Da safe ya sauko wurin Ɗaso jiki duk ciwo, fenti a gefen kunne. Ta zuba masa koko. Wani baƙo da ya sauka Hindawiyya kwanan nan yana gefe yana cin ƙosai, ya gaishe shi, ya ce, "Malam, kai ma a nan unguwar kake zaune?"

Mudassir ya kurɓi koko, ya goge baki, ya gyara zama a kan benci.

"Ni? A Shisha kayana suke, ɗaki mai mukayyif. Ka je ka tambaya, hukuma da kanta ba ta isa ta fitar da katifata daga ɗakin nan ba. Ni ne dai nake fitowa nan shan iska."